Tsiron da Ba a Tafasa Ba

Ku da kuka ishe ni da tambayar yadda aka kwashe ranar Lahadi, to ga ni na zo. Sai dai ku yi haƙuri in labarin ya fito a hargitse, don har yau ko lemo aka buɗe kusa da ni sai na zabura.

Ga waɗanda yau suka fara bi na: sunana Narae, shekarata talatin da ɗaya, kuma har yanzu ina gaban iyayena a wani tsohon bene a Cheongju. Wanda nake so sunansa Gitae. Gyaran lif yake yi, injin nan da ke hawa da mutane sama. Appa, wato mahaifina, bai taɓa kiran sunansa ba, "mai lif ɗin nan" yake ce masa. Appa yana da wani amini, Pyo. Ɗan Pyo ɗin yake so in aura, mai kantin magani, mutumin da ko dariya zai yi sai ya fara duba agogo. Tun bara Appa ya kafa doka: ƙafar mai lif ba za ta taka gidansa ba sai ran da shi da bakinsa ya ce ya zo.

To mun taka dokar. Omma, wato mahaifiyata, ita ce ma ta buɗe masa ƙofa.

Gitae yana haɗa giya a gida. Akwai kwalin da ake sayarwa, a ciki da gwangwanin ruwan sha'ir mai kauri kamar zuma, da ƙullin yis, da ɗan busasshen furen da ke ba ta ɗaci. In ka bi abin da ke jikin kwalin kawai za ka samu giya, amma lami. Abin da ke ba ta ɗanɗano da launi shi ne gasasshen sha'ir ɗin da kake zaɓa da kanka ka jiƙa a ciki. Da aka sa ranar yi wa Appa aikin yanar ido, sai Gitae ya ce zai haɗa masa ta musamman, ya aika da ita gaisuwa.

"Ke za ki zaɓi hatsin," ya ce da ni. "Ke kika san bakinsa."

"Oppa, ni da ban san komai ba?" Haka nake kiransa, wato yaya.

"Ki tauna. Wanda ya tuna miki da shi, shi ne."

Haka na je shagon da ake sayar da kayan haɗin, wani ɗan ƙurƙutu a ƙarƙashin bene. Mai shagon, wata mace mai askakken gashi, ta jera mini kwalaye ta ce in ɗanɗana. Wani zaƙi kamar alewa. Wani baƙi ƙirin, ɗaci kamar gahawar da ta ƙone, sai da na nemi ruwa. Da na tauna na gefen, sai na tsaya cak. Ƙanzon shinkafa sak! Appa ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙin babbar mota, kuma har gobe in bai sha ƙanzo a ruwan zafi da safe ba, gidan ba ya zaunuwa. Na ce a auna mini shi, a ƙara ɗan mai zaƙin kaɗan.

"Kar ki cika hannu," in ji matar. "A jiƙa a ruwan ɗumi, a tsame, sannan a tafasa komai. Komai fa na ce."

Na ce to. Ashe kunne ɗaya ya ji.

Rishon Gitae ƙarami ne, ba ya ɗaukar babbar tukunya, sai tukunyar da Omma ke dafa ƙashin sa ce za ta yi. Ran wata Asabar Appa ya tafi hawan dutse da abokansa, Gitae ya lallaɓo da bokitinsa. Ya jiƙa hatsin a jakar yadi, kicin ya game da ƙamshin ƙanzo, har Omma ta fara ce masa "ɗana". Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara: wata tsohuwa ta maƙale a lif tsakanin hawa biyu. Yana sa takalmi yana ba ni umarni. In tafasa, in bari ya huce, in juye a bokiti, in barbaɗa yis, in rufe.

Duk na yi. Ina shirin rufewa Omma ta sa ludayi ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Wannan ubanki ba zai sha ba. Ina zaƙin?"

Kafin in yi magana ta ɗauko tsiron sha'ir ɗinta, wanda take yin sikhye da shi, abin shan nan na shinkafa da ba a raba gidanmu da shi. Ta ƙulle shi a yadi, ta shiga murzawa a ruwan ɗumi har ruwan ya yi fari.

"Omma, sun ce komai sai an tafasa."

"A tafasa tsiro tun bai yi aikinsa ba? Kashe shi za ki yi ai. Tun kafin a haifi saurayin naki nake wannan aiki. Matsa mini."

Ta tace, ta tuttula a bokitin. Sannan ta goge hannu a jikin zanen girkinta ta ce, "Kar ki faɗa masa. Maza ba sa son a gyara musu." Ni kuwa dariya na yi. Daɗi ma na ji, wai hannun uwata da na Gitae sun haɗu a abu ɗaya.

Kafin Appa ya dawo na kai wa Gitae bokitin gidansa. Da giyar ta nuna ya ɗura ta a kwalabe, ya rubuta wa kowacce suna da hannunsa. Ni na naɗe akwatin da ƙyallen siliki ruwan hoda, na yi masa ƙulli mai kamar fure. Ran da aka sallamo Appa daga asibiti na ajiye a gabansa. Ya kalle shi da ido ɗaya, ɗayan a rufe da auduga.

"Likita ya hana ni sha har wata guda. Ajiye can."

Can ɗin kuwa shi ne gefen talabijin, a ƙasa. Ba a jima ba sanyi ya shigo, aka kunna ɗumin ƙarƙashin daɓe. Kun san yadda daɓen falo ke yi, har kwanciya kake son yi a kai. A nan akwatin ya yi wata guda yana shan ɗumi, ba wanda ya kwance shi. A wajen Appa, kyautar da ba a kwance ba, ba a karɓa ba ke nan.

Sai ran Laraba muna cin abinci ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ki ce wa mai lif ɗin nan ya zo Lahadi da rana. In gan shi, tunda idon ya buɗe."

Lahadi tun da safe Omma ta dafa haƙarƙarin sa da zuma da waken soya, ta soya kifi, ta yanka sabon kimchi, kabejin nan mai yaji da tsami. Na sa doguwar rigata ruwan madara mai dogon hannu, wadda Appa ya ce ita kaɗai ce rigar mutunci a cikin kayana, na ɗaure gashina baya, na sa 'yan kunnen kakata. Ina gaban madubi wayata ta yi motsi.

Gitae: Narae, kina kusa da akwatin?

Ni: Yana falo. Har ka taso?

Gitae: Na shigo da sauran kwalaben daga baranda jiya don in ɗanɗana kafin in zo. Na buɗe ɗaya, murfin ya fasa ƙwan fitila. Ɗaya kuma ta fashe da kanta a wurin wanke-wanke.

Ya turo hoto. Ɓaraguzan gilashi ko'ina, wani yanki ya cake a jikin ƙofar katako kamar an buga shi da guduma. Jambakin da ke hannuna ya faɗi.

Gitae: Na yi ta tunani ban gane ba. Bayan na tafi ran nan, akwai abin da aka ƙara?

Na rubuta "a'a", na goge. Na rubuta "Omma ce", na goge. Daga ƙarshe na rubuta gaskiya. Sai ya kira.

"Ba a tafasa ba?" Muryarsa a hankali, abin da ya fi tsoratar da ni ke nan.

"Oppa, ka yi haƙuri..."

"Bar wannan. Saurara. Ɗanyen tsiro bai mutu ba, yana nan yana mayar da abin da ya rage sukari, yis yana ci, iska tana taruwa a kwalba ba ta da mafita. Nawa a sanyi suke, suka yi haka. Naku suna ina?"

Na leƙa falo. Appa yana zaune a ƙasa da rigar sanyinsa mai ruwan toka, da farin tabarau ɗin da likita ya ba shi don kare idon. Yana karanta jarida. Gwiwar hannunsa tana kan akwatin.

"Ya jingina da shi," na ce.

"Kar a girgiza. Kar a buɗe. Ki rufe da bargo ki kai baranda a hankali. Ga ni nan, ni zan faɗa masa da bakina."

Na san abin da wasunku za su ce: me ya hana ki fita ki yi ihu kawai? Ku zage ni, na cancanta. Amma ku tsaya a inda na tsaya. In na ce giyar Gitae ce ta lalace, Appa zai ce mutumin da ya turo masa abin fashewa gida ba zai ba shi 'ya ba. In na ce Omma ce ta zuba tsiro, zai tambayi yadda aka yi bokitin mai lif ya shigo kicin ɗinsa. Duk inda na juya, Gitae nake rasawa. Ga kuma idon da aka gama gyarawa, taku ɗaya daga gilashi.

Na ɗauko bargo na fito ina murmushin dole.

"Appa, bari in kai wannan baranda ya yi sanyi."

"Bar shi nan."

"Ai ba a shan ta da ɗumi."

"Wa ya ce miki sha zan yi? Kayan mutum ne. A gabansa zan kwance, ko a gabansa in mayar masa." Ya leƙo ta saman tabarau. "Bargon na mene ne? Zazzaɓi akwatin yake yi?"

Na tsaya riƙe da bargo kamar sakarya. A nan idona ya faɗa kan ƙullin. Ba furen da na yi ba ne, wani ƙulli ne mai tauri, irin na ɗaurin kaya a bayan mota. Na gani, amma tsoro bai bar ni na yi tunani a kai ba.

Na faɗa kicin na raɗa wa Omma. Wuƙar da take feraye pir, ɗan itacen nan mai kama da tuffa, ta tsaya.

"Na shiga uku," ta ce. "Tsirona?"

"Omma, ki janye shi daga wurin."

Ta leƙa ta kira Appa yadda mata ke kiran mazajensu, ta ce, "Yobo, zo ka ɗanɗana mini naman nan."

"Kawo nan."

"Zo ka sauko mini da faranti daga sama, hannuna ba ya kai."

"Ga 'yarki nan, ta fi ni tsawo."

Ya gyara zama, gwiwarsa ta bugi akwatin. Kwalaben suka yi ƙil-ƙil a ciki. Ni da Omma muka ƙanƙame hannun juna, na ji farcenta ya shiga fatata. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Duk shafin jaridar da Appa ya juya sai na kalli akwatin.

Da aka danna ƙararrawa na riga kowa zuwa ƙofa. Gitae ne cikin baƙar kwat da farar riga, gashinsa a kwance luf, zufa tana bin wuyansa duk da sanyin. Kwandon 'ya'yan itace a hannu ɗaya, ɗan yatsansa a naɗe da filasta.

"Yana ina?"

"Inda yake."

Ya cire takalmi ya jera su suna kallon ƙofa. Ya shiga, ya haɗa hannu, ya durƙusa ya yi gaisuwar manya har goshinsa ya taɓa bayan hannunsa. Yana ɗagowa ya ce, "Abonim, kafin komai akwai abin da..."

"Wa ye abonim ɗinka? Yaushe na haife ka?"

"Ku yi haƙuri. Amma akwatin nan..."

"Zauna. A gidanku yaro ke fara magana?"

Gitae ya zauna a kan gwiwoyinsa. Appa ya shiga jero tambayoyi. Asalinsu ina ne? Mahaifinsa me ya kashe shi? Aikin soja a ina ya yi? In lif ya tsinke da shi wata rana, wa zai ciyar da 'yarsa? Gitae yana amsawa, idonsa yana kan akwatin. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu Appa ya ɗaga masa hannu.

"Me kake ta kallo? Kayanka kake so a mayar maka?"

"A'a, wato... e. E, ina so in tafi da shi."

Appa ya cire tabarau ɗinsa a hankali ya ajiye a kan tebur. Wayyo, ya cire tabarau!

"Ka aiko wa babba kyauta, ka dawo ka ce a ba ka abinka?" Ya jawo akwatin gabansa da ƙarfi, ya warware ƙullin da yatsa biyu. "To sai na ga abin da kake wa rowa."

Ya zaro kwalba ɗaya, ya ɗauki cokali daga kan tebur. Appa bai taɓa amfani da mabuɗin kwalba ba, da bayan cokali yake fincike murfi, yana alfahari da ƙarar da yake yi. Amma kafin nan sai ya ɗaga kwalbar wajen hasken taga, ya rufe tsohon idon, ya kawo ta dab da sabon.

"Launin dai ba laifi," ya ce, ya ɗan karkaɗa ta.

Abin da na gani kawai shi ne Gitae ya tsallake teburin. Kwanon kimchi ya kife. Ya fizge kwalbar daga hannun mahaifina, da hannu ɗaya, kamar yadda ake ƙwace wuƙa a hannun yaro.

"Kai!" Appa ya daka tsawa, fuskarsa ta yi ja. "A gidana? A hannuna?"

Gitae ya ja baya. Ya tura kwalbar cikin kwat ɗinsa, ya rungume ta a ƙirji, ya juya mana baya ya nufi baranda. Taku biyu ya yi.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin ɗaki ba. Har cikin haƙorana na ji ta. Omma ta ƙwalla ƙara. Gitae ya durƙushe a bakin ƙofar baranda, kumfa tana zuba daga ƙasan kwat ɗin, ƙamshin ƙanzo ya cika falon. Da ya juyo sai na ga farar rigar tana rinewa daga damtsensa zuwa wuyan hannu.

"Ku matsa daga akwatin," shi ne abin da ya fara faɗa. "Narae, bargon."

Na jefa bargon a kan sauran kwalaben. Appa yana zaune inda yake, cokali a hannu, bakinsa a buɗe. Ya kai yatsa ya taɓa gefen sabon idon.

"Laifina ne," Gitae ya ce, yana danne hannun. "Ni na yi kuskure a haɗin. Ku yi haƙuri da abin da na yi muku yanzu."

"Ƙarya yake yi!" Omma ta fashe da kuka. "Ni ce! Ni na zuba tsirona a ciki ban tafasa ba. A kicin ɗin nan aka dafa ta, ni na buɗe masa ƙofa ran da ka tafi dutse. In kora ce ka kore ni!"

Shi ke nan, na ce a raina, an gama. Na rufe ido ina jiran hukunci.

Sai na ji ƙarar yagewar yadi. Appa ne ya zare ƙyallen silikin daga ƙarƙashin bargon, ya yaga shi da haƙori. Ya rarrafa wajen Gitae, ya naɗe damtsen, ya ja, ya yi ƙullin nan nasa na ɗaurin kaya. Ƙullin ya kamu.

"Ɗaga hannun sama. Sama na ce, sakarai! Wa ya ce ka rungume ta? Ba ka da uwa ne?" Ya juyo gare ni. "Ke kuma kin tsaya kallo? Kira motar asibiti!"

Na kira, na faɗi adireshi sau biyu don bakina ya ƙi daidaita. Ina ajiye wayar na ga Appa ya daina motsi. Idonsa yana kan bargon. Jinin fuskarsa ya janye gaba ɗaya.

"Narae," ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Dukkansu haka suke? Duk kwalaben?"

"Duka, Appa."

"Kira gidan Pyo. Yanzu-yanzu. Yau jikokinsa suke zuwa cin abinci."

"Gidan Pyo kuma? Me ya haɗa..."

A nan ƙullin da na gani da safe ya faɗo mini a rai. Appa bai kalle ni ba, bai kalli Omma ba. Yana riƙe da hannun Gitae sama da hannayensa biyu, jini yana bin yatsunsa.

"Shekaranjiya na kai masa guda biyu," ya ce. "Na ce ya daina yi mini maganar ɗansa. Na ce ya sha ya ji, surukina ne ya haɗa."

Na danna lambar. Tana ta ringin, ba wanda ya ɗauka.